'Yan Tukunyar Gabas

Wudil,
8 ga Yuli.

Zuwa ga Abban Radiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya karatu, yaya sanyin Jos, yaya kuma maƙogwaron naka? Radiyya ta warke daga mura, har ta koma ɓarnarta. Na san za ka ce me ya kawo wasiƙa alhali kullum muna waya. Ja'afar na ofishinku ne zai bi ta Jos ranar Laraba, na ga bai dace yaji da dambun nama su iso maka ba ko layi biyu ba.

Bari in fara da 'yan gaban goshinka, tunda su za ka fara nema a takardar nan kafin mu. Tattabarunka suna nan, suna ci, suna sha, suna ɓata mini shanya. Sau uku na wanke farin mayafina a mako guda. Ka tafi kwas na wata uku ka bar ni da aikin da ba a ambata ba ranar ɗaurin aure: in zuba dawa a gwangwanin madara, in tsaya tsakar gida ina kaɗawa kamar mai tallan gyaɗa, in sauya ruwan kasko, in share kashi. Makon jiya na can har bangon da tukwanensu suke rataye na wanke da omo, don warin ya ishe ni.

Ban manta abin da ka yi ta nanata mini a bakin ƙofa ba, jaka a kafaɗa. Tukunyar gabas ta Baba ce, ko kallon banza kada a yi mata. Ta yamma ta 'yan kasuwa ce, idan 'yan shilarsu suka isa ci, in ci abina. Na sani masu wandon nan, da gashinsu da ya sauko har kan yatsu, su biyu kaɗai suka rage daga irin da marigayi Baba ya shekara talatin yana kiwo a Ɗankaza. Na sani sun tsufa, shekara guda suna ƙwai yana lalacewa. Na kuma ga fuskarka ranar da suka ƙyanƙyashe 'yan shila biyun nan ana gobe za ka tafi. Wallahi ko ranar sunan Radiyya ban ga haƙoranka a waje haka ba.

Na gode da izinin fitar ran Asabar. Deborah maƙwabciyarmu ta ji sauƙi sosai tun bayan aikin da aka yi mata, likita ma ya ce ta riƙa ɗan tattaki kafin ta koma ɗakin karatun jami'a. Maigidanta ya kai mu bakin kogi, nan kusa da gada, da la'asar. Ruwa ya kawo sosai bana, ya yi ja. Muka shimfiɗa tabarma muna kallon masu kwalekwale, Radiyya tana ta ɗaga musu hannu, mai suyar kifi yana ta rantse mana cewa yanzu aka fito da shi daga ruwa, alhali idon kifin ya faɗa. Na yi wa Deborah farfesun 'yan shila daga tukunyar yamma, Malam Gwadabe na ƙofar gida ne ya yanka mini. Ta shanye har romon, ta ce tun da aka sallamo ta ba ta ci abin da ya zauna mata a ciki ba sai shi. Ni ban iya ci ba, ina jin ƙarnin kogin ne ya tsaya mini.

'Yan tukunyar gabas suna nan lafiya, kamar yadda nake faɗa maka a waya. Iyayen suna ba su abinci, sun yi ɓul-ɓul. Hoton da ka ce in turo, gilashin wayata ne ya yi hazo, sai an duba.

Wai ni kam, in tambaye ka, don kawai in ƙaru: wandon nan, tun suna ƙanana yake fitowa, ko akwai wanda nasa yakan makara?

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar sanyi. Radiyya tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Khaulat.


Wudil,
17 ga Yuli.

Abban Radiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Mu ma jikinmu lafiya, alhamdu lillahi. Wannan takardar direban motar Jos zan ba, ba yaji ba dambu, ita kaɗai ce. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka yi mini dariya a waya, ka ce wando ba ya makara, ɗan mai wando da abinsa yake tashi. Ni ma na yi dariyar. Da ka ajiye waya na shiga ɗaki na yi kuka, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar da na wanke bango, sauko da tukwanen na yi daga kan ƙusoshinsu, duk biyun, da 'yan shilan a ciki. Lokacin duk tsirara suke, ba ka bambance wannan da wancan. Ina ta mita ina goge bango, Radiyya ta kifar da bokiti, na kwashi tukwane na mayar a fusace. Ashe na musanya su. Iyayen ba su ce komai ba, kowa ya koma gurbinsa ya ci gaba da ciyar da wanda ya tarar. Ka ga ke nan ran Asabar, da na miƙa hannu tukunyar yamma, 'ya'yan tattabarun Baba na ɗauko.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce tsautsayi ne, kai ma ka ce ƙaddara. Ba a nan ta tsaya ba. Da na miƙa wa Malam Gwadabe su, ya juya su a hannu, ya ɗaga ƙafar ɗaya, ya dube ni. Ya ce, uwar Radiyya, kin tabbata? Waɗannan fa da wandonsu. Sau biyu ya tambaya, wuƙa a ƙasa. A take wankin bangon ya faɗo mini. Amma mai kitso tana jirana, na riga na yi wa Deborah alkawari, ga kunyar a ce ban san abin da ke cikin gidana ba. Na ɗaure fuska na ce masa daga yamma na ɗauko, mai sallah sau biyar ba a koya mata gabas. Ya ce to, Allah ya ba da haƙuri, ya yi bisimilla. Da a ce na koma na leƙa ɗaya tukunyar, ko minti biyu ba za ta ci ni ba. Ban koma ba.

Tun daga ranar nake ce maka 'yan tukunyar gabas suna lafiya. Na zaɓi kalmomin ne yadda ba za a kama ni da ƙarya ba, kuma na san ƙarya ce. Wayata ma lafiyarta ƙalau.

Saura mafi muni. Ran Juma'a na shiga kasuwa ba da saninka ba, na kutsa layin 'yan kaji cikin taɓo, na yi ta ɗaga ƙafafun tattabarun mutane har aka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Na samo wasu 'yan shila biyu masu ɗan gashi a ƙafa. Malam Gwadabe da ya gan su ya ce wannan ai gajeren wando ne, ko makaho ya shafa ya san ba irin na Baba ba ne, in rufa wa kaina asiri in faɗa maka gaskiya. Ban ji ba. Na fitar da na cikin tukunyar gabas, na zuba baƙin. Tsohon namijin yana dawowa ya hau su da sara, jini har a bakin tukunya. Na rarumi tsintsiya na kai masa duka, na sake sauko da tukunyar a gabansu. Ni ce na daki tattabarar Baba da tsintsiya, Abban Radiyya.

Suka tashi su biyu suka sauka a kan katanga, suka daɗe suna kallon ƙusar da babu komai a kanta. Daga nan suka yi sama. Yau kwana biyar. Garin neman gira na rasa ido.

Kullum da yamma ina tsakar gida da gwangwanin nan da nake yi wa gori, ina kaɗawa har hannuna ya gaji. 'Yan kasuwar ne kawai suke saukowa. Na san ba tsuntsu kawai na ɓatar maka ba. Abin da ya rage maka na mahaifinka mai numfashi ne, ka damƙa mini, na yi wasa da shi saboda haushin mayafi. Ba ni da bakin kare kaina. Duk abin da ka ce, na cancanta.

Mai neman gafararka,
Khaulat.


Wudil,
23 ga Yuli.

Zuwa ga Abban Radiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani sai fata. Saƙonka ya shigo: "Na gani." Kalma biyu, sai izinin zuwa Ɗankaza da na roƙa, shi kuma kalma ɗaya. Ban ga laifinka ba. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ran Lahadi na goya Radiyya muka tafi wurin Inna. Na ga tunda kayan mijinta ne, ita ma tana da haƙƙin ta ji daga bakina. Duk hanya ina shirya yadda zan fara, gero ya yi kore shar dama da hagu, ni ko ganinsa ba na yi. Rabona da garin tun ƙaramar sallah, kuma ka san ba kai ne mai kawo uzuri duk ranar da aka ce a je ba.

Na yi sallama na shiga, kafin in durƙusa na ji guɗar tattabara. Na ɗaga kai. Suna kan katangar ɗakin Baba, su biyu, da wandonsu, kusa da tsohuwar tukunyar nan mai fasasshen baki da ka ce ba ta ɗaukuwa. Shekara biyu da ka kawo su Wudil, ashe ba su manta hanya ba. Na zauna a ƙasa daɓas.

Inna ta kawo ruwa, muka gaisa. Ta tambayi Radiyya, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maƙwabta, har ruwan sama ta tambaya ko muna samu. Ka san ba ta taɓa kama sunanka ba, kai ɗan fari, ko lafiyarka ba ta tambaya a gaban mutane. Na lura ta rame, tana ta murza bakin zanenta. Can ta kalli katanga, ba ni ba, ta ce a hankali, "Mai su fa?"

Sai a lokacin na gane. Kwana tara ke nan da ta fito shara ta gan su. A saninta tattabara ba ta barin gidan da ake zaune lafiya, ta ɗauka wani abu ne ya same ka a can ake ɓoye mata. Ga waya a ɗaure a bakin zanenta, kunya ta hana ta kira, ta hana ta sa a kira. Abinci ma sai ta taɓa ta ture. Ni ina Wudil ina tattalin yadda zan rufe ƙaryata, tsohuwa tana nan tana kwana da fargabar ɗanta.

Na ce mata lafiyarka ƙalau, na rantse mata. Sannan na kwashe komai na faɗa, tun daga wankin bango har tsintsiya, ban rage ko Malam Gwadabe ba. Na zaci za ta yi faɗa. Ajiyar zuciya ta yi, ta ce indai wannan ne da sauƙi. Ta ce marar lafiya ce ta ci, Allah ya kai ladan kabarin Malam mahaifinka, shi ma da hannunsa yake kai wa masu jego. Tsintsiyar ce kawai ta ce ban kyauta ba, kuma ta faɗa sau biyu.

Ta nuna mini macen tana ɗaukar tsinke tana shiga da shi tukunya. Ko za a dace, Allah masani, ta tsufa. Inna ta ce ko an dace ko ba a dace ba, babu mai sake ɗaukar su daga gidan nan, sun zaɓa da kansu. Wanda yake son ganinsu ya san hanya. Na dai roƙe ta ta bar ni in riƙa kawo musu dawa duk Asabar, ta ce ƙofa a buɗe take.

Biyun da na sa aka yanka ba za su dawo ba, kuma na san ko ka yafe, za ka daɗe kana tuna cewa na iya kallon gabas in faɗi magana mai fuska biyu. Wannan ni na jawo, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zan jira, ko zuwa yaushe ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan ka ɗauki waya, kada ka fara da ni. Kira Inna. Na san ba za ta ce maka komai ba sai to, to, madalla, ta miƙa wa wani. Duk da haka ka kira, ta ji muryar mai su.

Radiyya tana gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai laifi,
Khaulat.