Albashin da Ba Zai Kawo Ni Gida Ba

Manchester,
12 ga Nuwamba, 1978

Zuwa ga yayata Scholastica,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina mutanen Kafanchan, ina yara? Ƙafar Mama fa, tana iya takawa zuwa sujada kuwa? Ni lafiya lau nake, tarin ma ya yi sauƙi.

Yaya, kwalejin da na nemi aikin koyar da ilimin kwamfuta a jiharmu ta aiko da amsa. Albashin naira ɗari biyu ne a wata, babu gida. Na'urar ma ba su da ita, da allo da alli zan koyar. Wankin kwanukan da nake yi a otel a nan ya fi haka kawo kuɗi. Idan na dawo, da me zan riƙe makarantar ƙanenmu Meshak da maganin Mama?

Ikkilisiyarmu ta yi karo-karo ta turo ni don in dawo malami, ga shi hannuwana sun ƙare a ruwan sabulu. Ban gaya wa kowa ba sai ke.

Ki ce wa Mama karatu ne ya riƙe ni. Bunsurun da take kiwo don ranar dawowata, ki lallashe ta ta sayar.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙanenki,
Kambai