Sunan da Babu Jariri

Assalamu alaikum, Iya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, jikarki ce Ummi. Kin san baki ba ya yi mini daɗin magana, shi ya sa na rubuto.

An gama girbin gero a Roni, Iya, karo na farko ba ke.

Kowace shekara war haka kike fito da tanda ki wanke, ki sa a yanka zakara, ki soya wainar gero a rarraba maƙwabta, ki ce yau suna ake. In yara suka leƙo suna tambayar wa ya haihu, sai ki ce, "Mu duka aka haifa." Mu yi ta dariya. Na ɗauka tsokana ce irin taki.

A makarantarmu ta Kazaure, malamin tarihi ya ba mu labarin wani biki da ake yi a Amurka ranar sha tara ga watan Yuni. An soke bauta, amma bayin jihar Texas ba su sani ba. Suka ci gaba da aikin gona fiye da shekara biyu kafin labari ya iso musu. Ranar da suka ji ita jikokinsu suke tunawa, da girki da addu'a. Malam ya ƙara da cewa a nan ƙasar Hausa ma, in an 'yanta bawa akan yanka rago a raɗa masa sabon suna kamar jariri.

Nan take na tuna da wainarki. Ban ɗaga hannu ba, kin san ni.

Da na dawo hutu na tambayi Mama. Ta ce taki kakar, Iya, baiwa ce, ana kiranta Nagode. Bayan wani girbi aka 'yanta ta, aka sa mata Sa'adatu. Sunan da aka mayar mini ke nan, shi ya sa ba kya faɗinsa, sai Ummi.

Baffa Sule, babban ɗanki, ya ce bana a bar abin nan. Wai an manta, kada mu tuna wa mutane su riƙa yi mana gorin gidan bayi. Ba mugunta ba ce, Iya, yana yaro an sha tsokanarsa da haka. Amma in aka bari bana, na san an bari ke nan.

Na je na durƙusa gabansa, na kasa haɗa magana. Abin da ya fito kawai shi ne sunana ne, kuma ina so a yi. Washegari da safe sai ga jan zakara ɗaure a gindin turminmu.

Na soya, Iya. Zubin farko ya ƙone, na biyu ya manne, don ban shafa mai yadda kike yi ba. Mama tana ta dariya tana share ido da bakin zane.

Ni na kai gidan maƙwabcinmu Malam Isa da kaina. Matarsa ta buɗe kwano, ta dube ni, ta ce wa ya haihu. Na ba ta amsarki.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Sa'adatu, Ya haskaka makwancinku, Ya sanyaya zuciyar Baffa.

Taki har kullum,
Sa'adatu, wadda kike kira Ummi