Kifin Bandarka Yana Warin Fenti

Zuwa ga ƙanina Sabi'u, can bakin teku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Hauwa da yara. Tunda ka daina ɗaukar wayata sai saƙon murya, bari in rubuto maka a nan shafin sada zumunta inda mutane za su gani, ko kunya ta sa ka amsa.

Buhun kifin da ka turo ya iso kasuwar Suleja. Tun kafin in kwance bakinsa hancina ya ce min da magana. Shekara nawa ina sayar da bandarka? Na san ƙamshinta. Wannan karon warin fenti take yi. Wata malamar makaranta daga Bagama, wadda ba ta taɓa yi min ƙorafi ba, ta dawo min da nata a leda.

Kai da bakinka ka ba ni labarin itatuwan nan na fadamar bakin teku, masu saiwoyi a tsaye cikin laka kamar ƙafafu. Ka ce da busassun rassansu kuke banda, a gindinsu kifi ke ƙyanƙyasa, su ne kuma ke tare muku ruwa idan teku ta cika ta shigo. Kana cewa, "Yaya, muddin suna nan, muna nan."

Bara da ka zo sallah ka saki baki ka ce ruwan gishiri yanzu in ya shigo ba ya komawa duka, itatuwan gaba sun fara bushewa a tsaye. Da na zaro ido sai ka canza zance, wai wasa kake.

Ni ba yarinya ba ce, Sabi'u. Hotunan da kake turowa duk sama kake ɗauka, ba na ganin ƙasa. Hauwa ta daina gaishe ni. Kuma itacen daji ba ya zuwa da fenti. Ƙofa ce ke da fenti, da taga, da katakon ɗaki.

To gidan wa ruwa ya ci har kuke hura wuta da katakonsa? In naka ne, ina yaran nan suke kwana?

Wallahi tsoro nake ji. Ni na goya ka, ba sai ka yi min jarumta ba. Kada ka sake turo min kifi. Ka sa Hauwa da yara a motar da ke ɗauko buhuna, na share musu ɗakin Inna.

Allah Ya tsare min ku, Ya sa zargina ya zama ƙarya.

Yayarka,
Ladidi