Jirgin Baba Har Yanzu Yana Garinku

Zuwa ga Yaya Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Kanada? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Inna tana gaishe ka. Ta ce kada in rubuta wannan wasiƙa, na ce mata to, ga shi kuma ina rubutawa.

Na sa ta a nan inda kowa zai gani saboda na lura a shafinka ne kake amsa magana. Hoton Baba da ka ɗora ranar rasuwarsa, wanda yake riƙe da sandar tuƙi yana dariya, ni na ɗauka na tura maka. Ka rubuta a ƙasansa cewa mahaifinka ya zagaya duniya daga cikin zaurensa. Mutane suka yi ta yi maka ta'aziyya, kana bin su ɗaya bayan ɗaya da godiya, ba wanda ya rasa amsarka. To Baba bai zagaya duniya ba, Yaya. A hanya ya tsaya, kuma ya kamata masu yi maka ta'aziyya su san inda ya tsaya.

Ba zan ci haƙƙinka ba, kai ka kawo abin. Lokacin da ciwo ya shanye wa Baba ɓarin hagu, ya ajiye allura. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗinkin hannu a wuyan babbar riga ya koma kallon bango, ko abinci sai Inna ta yi da gaske. Zuwanka na ƙarshe ka kafa masa kwamfuta a zauren gidanmu na Ƙofar Doka, ka sa mata manhajar koyon tuƙin jirgi, wadda ke nuna garuruwa da koguna da gajimare kamar mutum yana sama da gaske. Ka jera masa manyan jirage na zamani, duk ya ƙi su. Ya nuna wani tsoho mai farfela biyu, ya ce irinsa ne ya ɗauki kakanmu zuwa Makka, yana yaro ya gan shi a Kano ranar rakiya.

Ka yi dariya ka ce: “Baba, in ka iso garinmu da wannan akwalar, ni da kaina zan tarbe ka.” Kai wasa ka yi. Shi kuwa ka san shi, bai taɓa sanin ana wasa da alkawari ba.

Tuƙin hannu biyu yake so, Baba kuma ɗaya ya rage masa. Sai na zama hannunsa na hagu. Kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa, sai in leƙa gidana a Ƙofar Kuyambana in ɗora girki, in taho. Shi yana riƙe da sanda, ni ina riƙe da ƙarfen da ake turawa a ba inji wuta. Farkon abin mun sha kunya. Ban san sau nawa muka kifa jirgin nan a gonakin mutane ba kafin mu iya kai shi Kano.

Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin wasa ba. Ba ya kunna inji sai da alwala, sai ya yi addu'ar matafiyi, sai ya aika an kira Inna ya yi mata sallama. Takan leƙo da ludayi a hannu ta ce: “A sauka lafiya, direban zaure.” Inda muka sauka jiya, nan za mu tashi yau. Idan wuta ta ɗauke muna sama, batir kuma ya gaza, sai mu koma filin da muka baro mu sake. Hamadar Chadi kaɗai ta ci mana kusan mako a haka. Da na gaji na nuna masa cewa ana iya zaɓar kowane gari a tashi daga can, ko a sa lokaci ya yi gudu, sai ya yi mini wani kallo, kamar na ce ya kai wa mai keken ɗinki aikin aska takwas ya zuba masa.

Har tsaraba yake yi. Ranar da muka sauka Jidda ya aika kasuwa aka sayo dabino, aka bi gidajen maƙwabta da shi, su kuma suka shigo yi masa barka da sauka, ana dariya yana amsawa da gaske. Saukarmu Indiya kuwa ganyen shayi ta jawo wa unguwa. Malam Yohanna, tsohon abokinsa na Wusasa da ya yi ritaya daga koyarwa, ya kawo taswirar duniya ya manna a bango. Baba ya sa na ɗauko allurarsa ta ɗinki, duk inda muka sauka sai a soke ta a wurin.

Da ka gan shi a watannin nan! Harshensa da ya yi nauyi ya fara saki, ya koma cinye tuwonsa yana neman ƙari. Yakan yi faɗa da iska, ya yi wa duwatsu kirari, ya zarge ni da rowar mai. Muka bi gaɓar teku, muka haura ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, muka ƙetara ta can saman duniya inda ba komai sai fari. Duk wannan wahalar, allura wuri ɗaya take nufa, kowa a gidan ya sani.

Ranar da za mu shiga garinku ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya fesa turare, Inna ta ɗora masa hula daidai. Ya sauke jirgin nan lallausan sauka, irin wadda bai taɓa yi ba, ko girgiza babu. Ya kashe inji, ya ce in kira ka ta bidiyo in juya wayar ka ga allon.

Mu muna la'asar, ku kuna safiya. Wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Can sai ga saƙonka: kana mitin, za ka kira.

Washegari na zo na kama ƙarfena, ya ce in saki. Ya ce: “Na sauka a garin ɗana. Ba zan ɗaga ba sai ya yi mini sannu da zuwa, ya sallame ni.” Haka ya yi da mu duka tun muna yara, ka tuna. Ko gidan Gwaggo aka aike mu, ba ma juyowa sai ta ce mu gaida gida.

Kada ka ce ba ka sani ba. Na rubuta maka maganar nan yadda ya faɗe ta. Ka turo mini fuskar dariya, ka ce “Baba ke nan,” ka ce sai ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo, ka kai yara wani wuri. Sau ɗaya ka kira Inna, ka tarar Baba ya yi barci, ka ce kada a tashe shi, ba ka kuma sake nema ba. Kuɗin magani da kake turowa bai taɓa yankewa ba, wannan na shaida maka ko a gaban waye. Amma ba magani yake jira ba, kuma abin da yake jira bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Kullum da la'asar sai ya yi alwala, ya sa a kunna kwamfuta, ya ɗora waya a gwiwarsa. Manhajar tana nuna yanayin gari yadda yake a ranar, saboda haka muka zauna muna kallon jirgi a tsaye, ruwa ya dake shi, daga baya ƙanƙara ta fara sauka a kewayensa. Ni ina cika ina batsewa, shi kuwa sai ya ce: “Yau ana sanyi a garin Shu'aibu. Allah ya sa ya sa rigar kirki.” Wannan maganar ita ce har yau ba ta bar ni in yi barci mai daɗi ba. Ko sau ɗaya bai zage ka ba, ni ce na yi ta zaginka a zuci a madadinsa.

Malam Yohanna ya roƙe shi. Ya nuna masa sauran hanya a taswira, ya ce gida ya fi kusa yanzu, teku ɗaya ya rage. Baba ya girgiza kai kawai. Na ce masa zan yi maka magana da kakkausar murya, ya hana ni, ya ce ba a tilasta wa mai gida ya fito. Sannu a hankali tuwon ya koma saura a kwano, harshen ya koma gidan jiya. Ban ce kai ka kashe shi ba, Yaya, kwanansa ne ya ƙare, na yi imani da haka. Abin da na ce shi ne, ya rasu yana baƙo a garinka, kuma ba ka fito ba.

Allurar tana nan inda aka soke ta. Inna ta hana a taɓa.

Na so in tsane ka, wallahi na gwada. Sai in tuna lokacin da kake ɗora ni a wuya mu hau ganuwa, mu jira ƙananan jiragen masu koyon tuƙi su wuce ta saman gari. Kai kake ce mini in ɗaga musu hannu, wai matuƙin yana ganina, kuma ba ma sauka sai na ɗaga. Ranar da na zame na fasa gwiwa, kai ka sha dukan, ba ka ce ni na ƙi riƙe ka ba. Wannan yayan nake nema. Ban san a wane mitin ya ɓace ba, amma na san kai ne ka dubi tsoho yana kallon bango ka gane abin da zai tashe shi, mu da muke tare da shi ba mu gane ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ga abin da na yanke. Asabar ɗin da ke biye da sadakar arba'in, bayan la'asar, zan yi alwala in zauna a zaure. Inna ta ce za ta leƙo ta yi mini a sauka lafiya. Hannu biyun duka nawa ne yanzu, kuma na iya. Zan bi hanya yadda ya koya mini, ba tsallake, ba gaggawa, in ƙetare teku, in biyo ta Agadas, har in hango ganuwar Zazzau in sauke shi a gida. Sannan a cire allura a mayar da ita cikin kayan ɗinkinsa.

Zan ajiye waya a kan kujerarsa kafin in kunna inji. Lokacin ku safiya ce, kuma ba ranar aiki ba ce, na duba. Idan ka kira ka ce sannu da zuwa, ka ce Allah ya kiyaye hanya, zan karɓa a madadinsa, ba kuma zan sake tayar da maganar nan ba har abada. Idan ba ka kira ba, zan tashi duk da haka. Ni ba Baba ba ce, ban iya irin jiransa ba. Mahaifina ya daɗe a tsaye cikin sanyi a ƙofar gidanka, zan je in ɗauko shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da masu tarba a inda ya sauka. Allah ya ba Inna haƙuri, ya wanke mini zuciya, don ni ma ina bukata. Kai kuma Allah ya tsare ka daga sanyin garin nan, ya raya maka yaranka, ya sa ranar da ka tsufa ka kira su, su ɗauka.

Ƙanwarka,
Ramatu