Wadda ta riƙe mana gorar eriya

Jama'ata na shafin nan, barkanmu da war haka. Masu cewa Uwani ba ta iya shiru, kwana biyu kun huta da ni ko? To ku gyara zama. Kun tuna cigiyar da na dame ku da ita tun sanyin bara, ta wata Yaya Rahila 'yar gidan Baba Ticha? An samu labari, amma ba irin wanda na so ba. Wasiƙar tata ce, ku dai ku karanta, ban hana ba.

Zuwa ga Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. A firamare an koya mana daga nan sai a ce "da fatan kina lafiya". Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. Ladi ƙanwarki ta kira ni, ta ce da daminar nan kika rasu, a garinku can wajen Zonkwa. Lokacin ni ina nan ina ta liƙa cigiyarki a waya, ina cewa duk wanda ya san ki ya taimaka, akwai maganar da zan faɗa miki. To ga maganar, tunda ban samu kunnenki ba.

Ni ce Uwani ta gidan mai bandar kifi, katanga ɗaya da ku a Haɗeja. Wadda kike ce wa Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare.

A duk layinmu ku kaɗai kuke da talabijin. Baƙi da fari ce, mai ƙofa ta katako, Mamanku ta saƙa mata mayafi kamar wata amarya. Ranar Kirsimeti da sassafe Baba Ticha zai leƙo ya ce wa Babanmu, "Malam Sale, a zo a taimaka da wuƙa." Babanmu ne yake yanka muku kajin, don kowa a layin ya ci hankali kwance. Innarmu kuma ta zaɓo tarwaɗa mafi girma a cikin banda ta ba ni in kai. Wallahi ba don Allah nake karɓar aiken nan ba, don katun ɗin da ake nunawa a talabijin ɗinku nake karɓa.

Kafin la'asar tashar Kano take sako shi, duk shekara kusan iri ɗaya. Wani mutum fari fat mai hula da dogon hanci, mu muka sa masa suna Alhaji Tuwo, don mun yi imani da tuwon shinkafa aka mulmula shi. Da wasu yara masu manyan riguna, da dabbar da muka shekara muna musu a kanta, ni na ce akuya, Ladi ta ce jaki ne mai ƙaho. Turancin ba ma ji. Ni nake saka musu magana da Hausa, har Baba Ticha ya ɗaga jarida ya rufe fuska yana dariya.

Amma yana da doka. Tun ranar da yara suka kusa tunkuɗe masa talabijin ya ce, "Wanda tabarma ba ta ɗauka ba, ya koma gidansu." Falon kuwa ƙarami, tabarmar ma haka. Ni kullum ina samun wuri, kusa da Ladi, ban taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ke kina waje. Eriyarku a kan wata doguwar gora take, an ɗaure ta a jikin darbejiya da tsohuwar robar taya. Kika ce iska tana juya ta, dole wani ya riƙe. Ga sanyin bakin kogi, mu muna ciki jiki da jiki, ke kina tsaye da 'yar suwaitarki mai ramin gwiwar hannu.

Kin san idan hoto bai kama ba, wasu fararen ɗigo-ɗigo suke cika gilashin, mu ce talabijin tana shinkafa. To da an fara katun, sai fararen abubuwa su fara zubowa daga sama. Sai mu ɗauki ihu ta taga. "Yaya Rahila, shinkafa! Juya!" Ki juya, hoton ya ɓace gaba ɗaya. "Mayar! Mayar!" Ki mayar, Alhaji Tuwo ya dawo, shinkafa na nan tana zuba. Idan yaran cikin katun suka shiga ɗaki sai ta ɗauke, mu ce, "Yawwa, tsaya a nan, kar ki motsa!" Suna fitowa waje ta dawo, mu ce kin motsa. Har tsaki na taɓa yi miki. Kika leƙo ta taga kika ce, "Rediyo, ni kike yi wa tsaki? Bari in saki ki ga ikon Allah." Ba ki saki ba.

Idan an gama ki shigo hannuwanki sun yi sanyi ƙalau, ki ɗora min su a wuya in yi ƙara. Sai ki ce, "To ba ni labari, Alhajin naku ya mutu bana ma?" In tsaya in ba ki tun daga farko har inda rana ta fito ya narke, ina yi ina ƙara gishiri.

Da aka yi wa Baba Ticha canjin wurin aiki, ina fadama ina korar tsuntsaye a gonar shinkafar kawuna. Na dawo da yamma na tarar da sawun babbar mota a ƙofar gida. Ko sallama ba mu yi ba. Bayan wasu shekaru ruwa ya ci layin, gidanku da namu duk suka zube. Yanzu shagon cajin waya ne a wurin.

Sanyin bara 'yata Ummi tana kallon wani katun a wayata, mai kala. Na leƙa na ga fararen abubuwa suna zubowa, bakina ya riga ni, na ce netwok ne ba kyau. Yarinyar nan ta kalle ni ta ce, "Umma, ƙanƙara ce fa." Yaya Rahila, sai da na zauna a bakin gado. Na san ƙanƙara tana zuba a ƙasar Turawa, wa bai sani ba, amma ban taɓa haɗa biyun ba. Ashe hoton garau yake, mu muka tsayar da ke a sanyi kina gyaran abin da bai lalace ba. Na yi dariya har da hawaye, na ce sai na nemo ki. In zaunar da ke a kujera, in riƙe miki wayar da hannuna, ki kalli abin nan tun daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya ne.

Da Ladi ta kira, muka yi kukanmu muka gama, sai na ba ta labarin don mu ɗan yi dariya. Ta ce, "Uwani, ai Yaya ta sani." Ta ce katin Kirsimeti nawa ne a gidanku masu hoton ƙanƙara, ke kike jera su a kan kabad. Kuma gorar tun safe Baba yake saita ta ya ɗaure tamau, ba iskar da take juya ta. Ta ce, "In Yaya ta zauna, tabarma ta cika. Wa kike ganin za a ce ya koma gida?"

Na ce mata ana kirana, na kashe wayar.

Shekarunki nawa lokacin? Ba ki fi Ummi da yawa ba. Ke ma yarinya ce, ke ma kina son katun, kuma ranar bikinku ce, ba tamu ba. Me ya sa ba ki taɓa cewa komai ba? Ko gori ne ki yi min mana, irin na yayye.

Ladi ta turo min hotonki, kin yi jiki, kina cikin anko na matan cocinku, kina dariya. Na buɗe shi na ƙara girma, na duba na duba. Kunya nake ji in faɗa, amma ban gane ki ba. Muryarki ta taga na fi riƙewa.

Ta ce kin bar yara, ƙaramar ba ta gama firamare ba, kuma wannan ce Kirsimetinsu ta farko babu ke. Na je kasuwa na zaɓo tarwaɗa da kaina, direban da ke zuwa Kaduna zai kai wa Ladi. Ban san ko suna cin banda ba. In ba sa ci su koya, uwarsu har kan take taunewa.

Ni ba malama ba ce, ban san kalmomin da ake faɗa a tsakanin irina da irinki ba. Na bar ki ga Allah, Shi ya ga inda kika tsaya, ba sai na ba Shi labari ba. Allah Ya raya abin da kika bari, Ya haɗa su da masu tausayi duk inda suka shiga. Allah Ya ba Mama da Ladi haƙuri, ni ma Ya ba ni.

Ƙanwarki,
Uwani

Jama'a, wa ya yi kallo a gidan maƙwabta yana yaro? Gidan wa, kuma me kuke kallo? Ku rubuto min a ƙasa, ko shirme ne. Zan karanta duka, yau ba na son shiru.