Jawabin Da Na Yi Wa Abdulmun'im

Umbadda, Omdurman
8 ga Satumba, 2025

Zuwa ga matata Mawahib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Hiba da Duha. Tarin Duha ya sake ta? Yaya zaman Aswan da haƙurin baƙunta? A takarda nake rubutu in ɗauki hoto in turo miki, don abin da ke raina ba zai faɗu a waya mai yankewa ba.

Na iso gida lafiya. Bango na tsaye, amma an ɓalle ƙofofi da tagogi, har wayoyin lantarki an zare. Lemon da kika shuka ya bushe. Littattafaina na tsakar gida, ruwan sama ya manne su kamar tubali. Na je cibiyar binciken da nake aiki, maigadi kawai na tarar da awakinsa.

Ga wani labari kuma. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban tsangayarmu ta siyasa da tattalin arziki za ta yi taro wata mai zuwa, na farko tun da aka fara yaƙi. Sun buga ɗan littafi na waɗanda suka yi fice. A ajinmu kaɗai akwai jakadu biyu, da 'yar majalisa, da manajan banki a ƙasashen Gulf. Shafin farko na Abdulmun'im ne, wanda muka zauna ɗaki ɗaya shekara huɗu, wanda ya ci kisrar Inna, wainar dawar nan tata, fiye da ni. Yanzu shugaban wata hukumar tsare-tsare ne, kuma za a karrama shi saboda shirin farfaɗo da noman Jazira.

Kin san shirin, ai ke kika buga mini shi kina da cikin Hiba. Ni na zaga kambo arba'in, unguwannin leburori irin wadda aka haife ni a ciki, inda Baba ya tsinci audugar wasu shekara talatin bai mallaki ko taku ɗaya ba. Lokacin da aka riƙe takardar ɗaukata aikin gwamnati ana tambayar inda aka haifi kakana don a tabbatar ni ɗan ƙasa ne, sai na ba Abdulmun'im rubutun ya kai inda ba ni da ƙafar zuwa. Ya kai. Ya fito da sunansa a bango, kuma babi na shida, mai neman a ba mutanen kambo filin zama, babu shi.

Nawa sunan yana shafin ƙarshe, cikin jerin waɗanda ba a san inda suke ba.

Ki gaida yara.

Mijinki,
Adam Mainasara

*

Umbadda
27 ga Satumba, 2025

Mawahib tawa,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji saƙonki sau uku. Ban san Hiba ta fara wanke-wanke a gidan abinci ba. Yarinyar da ta ce likita za ta zama, shekara biyu ba ta zauna a aji ba. Don me kuka ɓoye mini?

Na ga Abdulmun'im. Da ma a ce ya wulaƙanta ni, da na ji sauƙi. Ya taso daga kujerarsa ya rungume ni yana hawaye. Ya yi furfura, ƙanensa Wa'il ya rasu a farkon yaƙi, a ƙofar gida suka binne shi. Ya tambayi Inna, da na ce ta rasu a hanyar Sinnar sai ya rufe fuska da hannuwansa.

Muna shan shayi ya roƙe ni in yi jawabin gabatar da shi a taron, wai ba wanda ya san shi kamar ni. Bai ajiye kofin ba ya ƙara da cewa akwai kujerar mai ba da shawara a ofishinsa, kuma makarantar da ke kusa da su ta buɗe, zai sa baki a ɗauki yaranmu. Bai ce wannan ladan wancan ba ne. Amma ni ba yaro ba ne.

Ban sani ba ko ya manta ne, ko kuwa ya daɗe yana faɗa har ya yarda shi ya rubuta. Rubutun asali na nan cikin wasiƙun intanet ɗina, da kwanan watansa. Na sa an buga mini babi na shida a kasuwa. Ina iya hawa mumbari in karanta shi gaban kowa.

Kin ce in yi abin da zan iya kallon fuskarki da shi. Wace fuska, Mawahib? Ta matar da ta buga shirin, ko ta uwar Hiba?

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Adam

*

Umbadda
19 ga Oktoba, 2025

Mawahib,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. An yi taron jiya da hantsi, a wani zaure da aka toshe tagoginsa da kwali. Da farko an karanta sunayen waɗanda suka rasu, ya ɗauki lokaci fiye da na waɗanda aka karrama.

Na hau da takarda biyu, jawabi a aljihun dama, babi na shida a na hagu. Wallahi har na kai mumbari ban san wadda zan ciro ba. Na dama na ciro.

Na yabe shi. Na ce tun muna ɗalibai talaka ne a zuciyarsa. Na ce ya taka ƙasar Jazira da ƙafarsa, ya zauna da leburori a kan tabarma. Har na ba da labarin tsohuwar nan ta kambon Managil, wadda ta ba ni ruwa a ƙwarya ta ce in rubuta sunanta don gwamnati ta san tana duniya. Na ce shi ta ba ruwan. Muryata ba ta yi rawa ba, wannan ne ya fi ba ni tsoro. An yi tafi an miƙe tsaye.

Duktura Khadiga, malamarmu da ta duba mini shirin tun yana rubutun hannu, tana sahun gaba a keken marasa lafiya. Ba ta yi tafi ba. Da aka tashi na durƙusa gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaranka nawa, ya Adam?" Na ce biyu. Ta gyaɗa kai ta sake ni.

Ranar Lahadi mai zuwa zan fara aiki.

Mijinki,
Adam

*

Khartoum
3 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Mawahib,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Yaya sanyi a can? An karɓi Hiba da Duha a makarantar. Na sa ƙofofi, an liƙe rufi. Ku fara shiri.

Aikin farko da aka ɗora mini a Jabal Awliya ne. Akwai wani fili kusa da kogi inda mutanen da suka gudo daga kambo suka kafa bukkoki. Hukuma na son gina rumbunan ajiya a wurin. Abdulmun'im ya ce ni zan je in rubuta rahoto, tunda ina jin harshensu.

Na je da motar ofis. Mutum na farko da ya fito Baba Gwadabe ne, ƙanen Baba, wanda muka ɗauka ya rasu. Ya rame, ido ɗaya ba ya gani, amma ya gane muryata. Ya sa aka yanka kaza, ina jin ita kaɗai gare su. Ya tara mutane yana cewa, "Ku zo ku ga ɗan Mainasara, ya shiga gwamnati! Yanzu kam mun sami namu." Mata suka yi guɗa. Suka riƙa kawo mini sunayensu ina rubutawa, suna zaton na rabon fili ne. Na ci kazar, Mawahib.

Na rubuta rahoton. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, wurin ya dace da rumbuna. Na roƙi a ba su wani fili, Abdulmun'im ya dafa kafaɗata ya ce za a duba idan ƙasa ta natsu. An sa hannu a takardar tashi, mako biyu aka ba su.

Na ce kada a aiki kowa, ni zan kai ranar Alhamis. Baba Gwadabe bai iya karatu ba, kuma ba na so ya ji ta a bakin wanda zai yi masa tsawa.

Duha ta ce tana son ganin dangin babanta idan kun dawo. Kada ki yi mata alkawari. Kafin ku iso ba za ku sami kowa a wurin ba.

Ku zo da barguna, namu duk an kwashe. Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Adam Mainasara