Malamin da Ya Koya Mini Karatu Ya Daina Ganin Allo

Assalamu alaikum Gwaggo. Don Allah ki taimake ni da shawara, wata biyu ke nan ina ɗauke da magana a cikina na rasa wanda zan faɗa wa. Ki sakaya sunana, ki kuma yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Ni ce shugabar wata 'yar makarantar firamare mai zaman kanta, irin wadda teloli da direbobi da masu kayan miya ke kawo 'ya'yansu saboda sauƙin kuɗinta. Ummanmu ce ta kafa ta da ɗaki biyu da benci bakwai. Yanzu aji shida ne, malamai takwas. Da Allah ya yi mata rasuwa bara, yayyena maza biyu suka ce ai ni na karanci aikin koyarwa, suka miƙo mini makullin ofis, kowa ya koma harkarsa. Maigidana a wani gari yake aiki, sai ƙarshen wata yake zuwa. Idan na ɗauko masa zancen makaranta sai ya ce Allah ya kyauta, ya jawo wayarsa.

A hutun da ya wuce aka tara mu shugabannin ƙananan makarantu a wani kwas na sati biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da aka ce mu daina dogara da makin jarrabawa, mu kira yara ɗaya bayan ɗaya mu ji karatunsu da kunnenmu. Da na dawo sai na fara da aji uku. Gwaggo, cikin yara talatin da huɗu, bakwai ne kawai suka karanta mini layi huɗu. Sauran hoton shafin suke kallo su rero abin da suka haddace. Wata yarinya ta rero mini shafi guda ba tuntuɓe, da na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a tsakiya sai ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika da hawaye.

Mai ajin kuwa Baba Malam ne. Shi ne malamin farko da Umma ta ɗauka, shi ya kama hannuna ya koya mini riƙon fensir. Har gobe Auta yake ce mini, ko a gaban iyayen yara. Kullum shi ke riga kowa zuwa, ban taɓa jin ya ɗaga wa yaro murya ba.

Na zauna a bayan ajinsa kwana uku. Da ka yake rubutu a allo, layi na hawa kan layi. Littafi sai ya kai shi dab da hancinsa, amma ba karantawa yake ba, ya haddace su tun tuni. Da na karɓi littattafan aikin yaran na ga kowa an ba shi daidai. Akwai wanda ya rubuta kalma ɗaya sau goma sha biyu, a ƙasa an sa masa "da kyau". Da murya yake gane yaran, shi ya sa idan suka yi shiru sai ya yi ta kiran sunan wanda bai ma zo ba. Idonsa ne ke tafiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo, ashe kowa ya sani. Malamin lissafi ne ke cika masa rajista a ɓoye, malamar aji biyar ke rubuta masa sakamakon yara. An fi shekara ana haka, ba wanda ya ce mini uffan. Alhali kafin in hau kujerar nan, ina malama a cikinsu, tare muke cin abinci a faranti ɗaya. Tun da na fara shiga azuzuwa da littafina da biro, ina leƙa ɗakin malamai za ki ji tsit, kowa ya kama duba agogo. Na ji sun sa mini suna Jan Biro. Malamar aji ɗaya, wadda tare muka yi goyon fari muna yi wa juna kitso, yanzu "ranki ya daɗe" take ce mini, ta risina, kuma na san ba girmamawa ba ce. A ofis nake cin abincina, ƙofa a ɗan buɗe, ina jiyo dariyarsu ta bango.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na kira Baba Malam ofis. Kafin in buɗe baki ya yi murmushi ya ce zamana a bayan teburin nan sak marigayiya. Sai na ƙare da tambayarsa ciwon gwiwarsa, ya tashi ya tafi yana sa mini albarka.

Satin da ya wuce wani tela mai ɗa a aji uku ya zo, cikin ladabi ƙwarai, ya ce ya ba ɗansa littafin awo ya karanto masa sunan mai kaya, yaro ya kasa. Ya ce shi bai yi boko ba, shi ya sa yake takure kansa don yaron ya yi, kuma zai jira zuwa ƙarshen zango ya gani. Bayan ya tafi na kai wa yayyena maganar. Babban yayanmu ya ce in sallami tsohon a hankali, makaranta ba gidan ajiye tsofaffi ba ce. Mai bi masa ya ce idan na taɓa Baba Malam ban yi wa Umma adalci ba. Duka a waya suka faɗa, ba wanda ya tako ƙafarsa.

Gwaggo, yaya zan yi? In bar shi, ina cutar 'ya'yan mutane. In cire shi, da wane ido zan kalle shi? Wallahi har tunanin mayar musu da makullinsu nake yi.

Daga 'Yar Mai Makaranta

'Yata, wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Ummanku. Ki riƙe makullinki, domin shugabar da ta zauna ta ji karatun yara da kunnenta ita ce wadda makarantar ke bukata.

Bari in fara da wadda ba za ki so ji ba. Yaran nan ba za su jira ba. Wanda ya wuce aji uku bai iya karatu ba, kowane darasi na gaba zai zame masa duhu. Ajin nan yana bukatar mai ganin abin da yaro ya rubuta, kuma a wannan zangon. Idan babu malami a hannu, ke ki shiga da kanki kowace safiya.

Amma Baba Malam ba ha'inci ya yi ba, ciwo ne ya same shi, kuma a duk wasiƙarki ban ga inda wani ya kai shi wurin likitan ido ba. Ni ba likita ba ce, amma na san tsofaffi da dama da aka cire musu yanar ido suka dawo suna zura zare a allura. Da wannan za ki fara. Kada ki sake kiransa ofis, teburin nan nauyi yake muku ku biyun. Ki je gidansa ranar da babu makaranta, ki gaishe shi a matsayin Autarsa, ki faɗa masa abin da kika gani ba kwana-kwana. Kada ki tafi da littattafan yara kamar mai kai shaida kotu. Ki sani ya riga ki sanin halin da yake ciki. Mutumin da ke kai littafi hanci yana yin kamar yana karatu, kullum cikin fargabar ranar da za a gane yake, kuma wataƙila ya fi ki kaɗaici a makarantar nan.

Ko ido ya gyaru ko bai gyaru ba, yana da abin da matasan malamanki ba su da shi: kunne, haƙuri, da iya riƙe aji ba tsawa. Ki ba shi yara biyar-biyar su riƙa karanta masa sabon labari da babbar murya, wata malama na kusa tana bin layin. Aiki na gaske nake nufi, ba kujerar lallashi ba. Zai iya ƙi, zai iya yin fushi. Idan ya zaɓi hutu, ku sallame shi da mutunci da haƙƙinsa cikakke, ki kuma daure wa fushin nasa.

Sai naki laifin. Yaro ba a aji uku yake fara kasa karatu ba, ta aji ɗaya da na biyu ya biyo. Kin auna aji guda kin ɗora wa mutum guda. Ki auna duka, ki baje sakamakon a gaban kowa a matsayin matsalarku gaba ɗaya. Malamanki sun ɓoye miki ne don ba su san me za ki yi da maganar ba, kuma yadda kika yi da tsohon nan shi zai nuna musu ko ke wace ce. Ki ɗan ajiye biron. Ki koyar da darasi, ki sa su zauna a baya su faɗa miki inda kika yi kuskure. Wanda ya gyara miki yau, gobe ba zai ji zafin gyaranki ba.

Telan nan ki kira shi ki gaya masa gaskiya: kin gani, ga abin da za ki yi, ya dawo bayan sati shida ya gwada ɗansa a gabanki.

Kaɗaicin kuwa, wani sashensa da kujerar yake zuwa, ba zan ruɗe ki ba. Hira ba za ta koma yadda take a da ba. Amma mutum nawa kuka zauna a kwas ɗin nan? Ki nemi biyu ko uku daga cikinsu, ku riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata, za ki tarar kowa da irin nasa kukan. Maigida kuma ki ce masa ba gyara kike nema a wurinsa ba, ya ajiye wayar ya ji ki kawai. Yayyenki duk mai ra'ayi ya zo ya yini a makarantar tukuna.

Allah ya ba Baba Malam lafiya, ya buɗe wa yaran nan karatu, ke kuma ya haɗa ki da abokan aiki na gari. Ki je gidan nasa cikin satin nan, 'yata, kada ki ƙara kwana da maganar.

Gwaggonki